Mudun Kasuwa Da Mudun Ofis

Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san amfanin mudu ɗaya a kasuwa. Mai saye ya san abin da zai karɓa, mai sayarwa ya san abin da zai bayar, gardama ta mutu tun ba a tayar da ita ba. To, a ce wani babban mai saye ya shigo da nasa mudun da ya sa aka sassaƙa masa, ya ce shi ba ya awo da na kowa. Masu hatsi da yawa za su ba shi baya, don ba su san cikin mudun nan ba. 'Yan kaɗan da suka yarda kuwa za su tsawwala masa kuɗi. In kuɗin da ya ke kashewa na harajin talakawa ne, ashe hasarar ta jama'a ce duka.

Abin da Gwamnatin Amurka ta yi ke nan shekara da shekaru wajen sayen kayan aikinta, kuma labarin ya isa a tsaya a kansa, domin ba ita kaɗai ke da wannan hali ba.

Kayan masana'anta ma suna da nasu mudun, watau takardar ma'auni. Ita ce ke faɗin kaurin ƙarfe, da ƙarfin siminti, da yadda za a jarraba su a tabbata ba algus. Ma'auni iri biyu ne. Akwai wanda masu sana'a da masu saye da masana su kan zauna su shirya, kowa ya bi don ganin damarsa, ba da tilas ba. Akwai kuma wanda wani ofishin Gwamnati ya kan rubuta don kansa, ya ce duk ɗan kwangilar da ke son ciniki da shi sai ya bi shi. Na farkon shi ya kamata Gwamnati ta riƙa saye da shi, na biyun kuwa a ajiye shi sai ran da larura ta kama.

Mai karatu ya dubi ɗan farantin gilashin da a ke kaɗe tokar taba a ciki. A 1993 ofishin da ke saya wa Gwamnatin Amurka kaya yana da takarda mai shafi 9 a kan wannan ɗan abu: girmansa, launinsa, santsinsa, har da yadda za a ɗora shi bisa katako a buga da guduma, kuma kada ya fashe fiye da gida 35. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Al Gore, ya ɗauki guduma ya fasa ɗaya a talabijin don jama'a su gani da idonsu. Aka yi ta dariya. Amma fa wani akawu ya ɓata kwanaki yana rubuta takardar nan, wani ya duba, wani ya sa hannu, dukansu da albashi, alhali kuwa farantin yana nan jibge a kowane kanti. A wajen soja abin ya fi haka. Takardar da ta bayyana yadda za a toya biskit da wani ɗan kek mai cakulan ta kai shafi 26, kuma irin waɗannan takardu na Ma'aikatar Tsaro sun kai wajen 30,000.

Tsadar ba ta tsaya ga albashin akawu ba. Kamfanin da ke ƙera abu dubu ɗari don kasuwa, in aka ce ya ƙera dubu ɗaya ta wata siffa dabam, dole ya tsai da injinsa, ya sake saiti, ya ɗauki ma'aikatan cika takardu. Wannan duk a kan farashi zai hau. Manyan kamfanoni da dama sai su ce a kai kasuwa, ƙanana kuwa ba su da halin shiga. Sai a bar Gwamnati da 'yan kwangila biyu ko uku waɗanda sana'arsu ita ce sanin takardun ofis. Har ila yau ma'aunin ofis ya kan tsufa a cikin fayil. Wanda ya rubuta shi ya yi ritaya, sana'a ta ci gaba, ofis yana nan yana biyan kuɗi mai yawa don a ƙera masa abin da kasuwa ta bari tuntuni. Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika son ambatonta ba. Wanda ke da ikon sassaƙa mudu yana da ikon sassaƙa shi daidai da hatsin abokinsa. Ma'aunin da duk masu sana'a suka sani, da wuya a yi masa wannan ɗinki a ɓoye.

Wani zai ce kuɗi ne kawai. To, ga inda abin ya taɓa rai. A watan Fabrairu na 1904 gobara ta tashi a birnin Baltimore, ta yi wajen awa 30 tana ci, ta cinye gine-gine fiye da 1,500. 'Yan kwana-kwana suka zo gudummawa daga Washington da Philadelphia da New York, amma da yawansu bakin mesarsu bai shiga bakin famfon Baltimore ba, domin kowane gari da irin nasa ya ke saye. Da aka bincika aka tarar da irin bakin mesa wajen 600 a ƙasar. A 1905 ƙungiyar masu yaƙi da gobara, NFPA, wadda ba ta Gwamnati ba ce, ta tsai da ma'auni ɗaya. Garuruwa da yawa suka yi biris da shi. A 1991, bayan shekara 86, gobara ta kama tuddan Oakland, ta kashe mutum 25, ta ƙone gidaje wajen 3,000, kuma masu gudummawa suka sake tarar da bakin famfon garin inci 3 ne, nasu kuwa inci biyu da rabi. Binciken da aka yi a 2004 ya nuna daga cikin manyan birane 48, guda 18 ne kaɗai ke bin ma'aunin nan sosai. Masu ƙera famfo ba su da laifi a nan. Abin da hukumar gari ta rubuta a takardar kwangila shi suka ƙera mata.

Amurka dai ta farga, ko da ya ke a makare. A watan Yuni na 1994 Sakataren Tsaro, William Perry, ya juya al'amarin. Dā mai son saye da ma'aunin kasuwa shi ke neman izini. Perry ya ce daga yanzu a faɗa wa mai ƙira aikin da a ke so abu ya yi, a bi ma'aunin masu sana'a, wanda ya nace sai na soja shi zai nemi izini. A 1996 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da ta ɗora wa dukan ma'aikatun Gwamnatin Tarayya wannan hanya, sai inda ta saɓa wa wata doka ko ba ta yiwuwa, kuma duk ma'aikatar da ta kauce sai ta rubuta dalilinta.

Masu jayayya suna da magana uku, ba kuwa dukansu ne na banza ba. Ta farko, sun ce barin kamfanoni su rubuta ma'auni ba wa kura ajiyar nama ne. Lalle da kamfanoni kaɗai ke zama, da maganar ta zauna. Amma ƙungiya irin ASTM, wadda aka kafa a 1898 sabo da karyewar ƙarafan hanyar jirgin ƙasa, ƙa'idarta ita ce ƙuri'ar masu ƙira ba ta rinjayar ta masu saye da sauran jama'a a kwamiti, wanda ya ƙi yarda kuma sai an amsa hujjarsa, kāna a kan sake duba kowane ma'auni cikin shekara biyar. Injiniyan Gwamnati yana da kujera a wurin. In ya ƙi zuwa ya zauna a ofis, kada ya yi kuka da abin da aka yanke ba ya nan.

Ta biyu, sun ce soja ba kamar kowa ba ne. Gaskiya ne. Kek ɗin nan da aka yi wa dariya, so a ke ya shekara uku a sito bai lalace ba, abin da ba mai gidan burodin da zai yi alkawarinsa. Jirgin yaƙi mai nutso da kumbon sama ba su da kasuwa, balle mudun kasuwa. Ma'aikatar Tsaro kanta ta ga an zarce a wasu wurare, har a 2005 ta janye sharaɗin neman izinin nan. Sai dai larurar jirgin nutso ba ta zama hujjar farantin toka ba, kuma yawancin abin da Gwamnati ke saye fenti ne, da siminti, da kujera, da waya, irin wanda kowa ke saye.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma a nan ƙungiyoyin ne ke da abin kunya. Takardun ma'auninsu sayar da su su ke yi, da kuɗin su ke riƙe kansu. Ƙaramin ɗan kwangila ya buɗe takardar neman aiki ya ga an ce a bi ma'auni kaza da kaza, da yawansu kuwa sai ya biya kafin ya karanta. In ma'aunin ya shiga cikin doka, wani lokaci a kan wajabta wa mutum bin abin da ba ya iya mallakar kwafinsa sai da kuɗi. Ma'aunin ofis, duk da aibinsa, kyauta a ke karanta shi. Maganin wannan yana hannun Gwamnati: tun da ta huta da wahalar rubutawa, ta biya ƙungiyar daga abin da ta tsimin, a buɗe takardar ga duk mai neman kwangila. Wani Ba'amurke mai suna Carl Malamud bai jira haka ba, ya ɗora irin takardun da suka shiga doka a intanet kyauta. ASTM da NFPA da wata ƙungiya ta uku suka kai ƙungiyarsa ƙara a 2013. Aka yi shekara goma ana shari'a, a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta yanke cewa bai yi laifi ba.