Wa Ya Kawo Yaƙin Salibi Tudun Wada?

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu wa'azi da 'yan barandan siyasa, wai duk wata husuma da ta tashi tsakanin Musulmi da Kirista a ƙasar Kano ci gaba ne na Yaƙin Salibi, wato yaƙe-yaƙen nan da Turawa masu ɗauke da alamar gicciye suka kai ƙasar Sham. Mu mun ƙi wannan magana.

Ba ma musun cewa an yi yaƙin, an kuma yi ta'asa. A 1095 Paparoma Urban na Biyu ya yi shela a garin Clermont na Faransa, a 1099 rundunarsa ta ci Birnin Ƙudus ta karkashe Musulmi da Yahudawan da ke ciki, a 1187 Salahuddin Ayyubi ya ƙwato birnin, a 1291 kuma Akka ta faɗi, mulkin Turawa a can ya ƙare. Amma masu ba mu labarin sukan tsallake 1204, shekarar da mayaƙan gicciye suka wawashe Kustantiniyya, birnin Kiristoci 'yan'uwansu, saboda bashi da kwaɗayin ganima.

To, ina Kano take a lokacin? Bisa lissafin da aka yi wa littafin Tarihin Kano, a 1095 ɗin nan ne Gijimasu ya hau gadon sarauta, shi ne kuwa ya fara ginin ganuwa. Wangarawa ba su zo da Musulunci fada ba sai zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau a 1349, kusan shekara sittin bayan faɗuwar Akka. Ashe ke nan har aka gama yaƙin kakanninmu suna kai baƙar dabba wurin Tsumburbura. Waɗanda suka ci gaba da riƙe al'adar gargajiya su ne Maguzawa, kuma daga cikinsu ne mafi yawan Hausawa Kiristocin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa suka fito, a ƙarnin da ya shige. Shin Bamagujen da ke noman dawa a gefen dajin Falgore, wanda ba shi da wani harshe sai Hausa, ta ina ya haɗa jini da jaruman Faransa?

Kudancin Kano ya ga yaƙi, amma wani iri ne dabam. A ƙarni na 19 Ningawa ne suka addabi wannan yanki da hare-hare, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya ƙare yawancin mulkinsa yana fama da su, alhali kuwa malamai ne Hausawa Musulmi da suka bar ƙasar Kano a kan rigimar haraji suka kafa Ningi. Haka kuma a Fabrairun 1903, da Kanar Morland ya fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarsa ta cin Kano, mafi yawan sojojinsa baƙaƙen fata ne, da Hausawa a ciki. Lugga bai zo domin ya yi wa kowa baftisma ba. Kasuwa da haraji suka kawo shi, shi ya sa ma ya taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna, don kada su ɓata masa ciniki.

Abin da ya iso mana daga wancan yaƙi kalma ce, kalmar kuwa ta sha jini. A Oktoban 1991 aka cika Kano da takardun shelar taron Reinhard Bonnke, Bajamushe, aka kira taron kurused, ba tare da an damu da yadda kunnen Musulmi zai ji ta ba, aka wayi gari ana kwasar gawarwaki a Sabon Gari. A 2001 Shugaba Bush na Amurka ya furta ta, da aka fara ruwan bamabamai a Afganistan sai aka huce a kan maƙwabta a Kano. A Satumban 2007 kuma, zargin ɓatanci a wata makarantar sakandare ta Tudun Wada ya jawo kashe-kashe da ƙone majami'u. Mun zargi waɗanda suka yi aron kalmar da ganganci, mun fi zargin waɗanda suka mai da ita hujjar ɗaukar adda. Tun 1987 Dakta Yusufu Bala Usman ya fitar da littafi a kan yadda masu mulki ke juya addini don su raba kan talakawa, amma da alama an karanta shi ne domin jarrabawa kawai.

Saura mu. Mu ne za a tura koyarwa Kiru, mu ne za mu zauna a sakatariyar ƙaramar hukumar Doguwa da hatimi a hannu. Ranar da ɗan Bamaguje mai suna Bitrus ko Yohanna ya zo neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ko jama'arsa suka zo neman izinin sake gina majami'ar da aka ƙone, muna kira da a duba inda aka yanke cibiyarsa da ta kakansa, a sa hannu a ba shi a ranar, kamar yadda za a ba Musa ko Haruna.