Na'ura Ta Iya Ƙirga Lamba, Ba Ta Iya Karanta Labari Ba

Maudu'in wannan makon ya shafi duk wanda a cikinmu yake aikin ofis da rana yana rubutu da dare.

Akwai wani abokina ɗan Kiru da ke aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Kano. Ya rubuta gajeren labari a kan wani manomin masara daga Doguwa da aka sace a hanyar dajin Falgore. A cikin labarin, ɗan manomin ya rubuta lambar asusun banki a takarda domin dangi su tara kuɗin fansa. Abokina ya turo min labarin in duba masa, amma da imel ɗin ofis ya turo. Washegari aka miƙa masa takardar tuhuma: wai ya fitar da bayanan kwastoma waje.

Babu mutumin da ya karanta labarin kafin a tuhume shi. Manhaja ce ta kama shi. Irin wannan manhaja tana bin kowane saƙo da ke fita daga kamfani tana neman alamu: lamba goma a jere kamar ta asusun banki, goma sha ɗaya kamar BVN, fayil da aka liƙa zuwa adireshin waje. Ta ga lamba goma, ta ga maganar miliyoyi, sai ta buga ƙararrawa. Lambar ƙirƙirarriya ce, manomin ma babu shi a duniya.

Ban ce kamfani ba shi da haƙƙin tsare imel ɗinsa ba. Mai sayar da taki a Tudun Wada da ya ba banki BVN ɗinsa yana da haƙƙin kada wani ma'aikaci ya sayar da ita ga 'yan damfara. Abin da nake ja da shi biyu ne: sa ido a ɓoye, da hukunci da bakin na'ura.

Masu cewa "wanda ba shi da laifi me zai tsorata?" su amsa min: laifin me abokina ya yi wa kwastoma? Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ɗan Najeriya kariyar sirrin wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a sanar da mutum abin da ake tattarawa game da shi da dalilin yin hakan, ta kuma ba shi damar ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke. A Turai ma an yi wannan shari'ar. Wani injiniya ɗan Romaniya, Bogdan Bărbulescu, an kore shi daga aiki a 2007 bayan kamfaninsa ya karanta hirarsa da ɗan uwansa da budurwarsa a Yahoo Messenger na ofis. A 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙi, kuma cikin hujjojinta har da cewa ba a nuna an sanar da shi tun farko irin sa idon da za a yi masa ba.

To, kamfani ya faɗa wa ma'aikaci ƙarara ranar da ya ɗauke shi, kada a binne maganar a tsakiyar takardun da ba wanda ke karantawa. Idan manhaja ta kama saƙo, mutum mai jin Hausa ya karanta kafin a rubuta tuhuma. Abin da bai san habaici ba, bai san almara ba, ba ya zama alƙali.

Mu ma da namu laifin. Matashin da ya taso daga Bebeji ya samu aiki da ƙyar bayan difloma, bai kamata ya jefa albashinsa cikin haɗari don tsimin data ba. Imel ɗin ofis ɗakin haya ne, mai gida yana riƙe da makulli. Labarinka, wasiƙarka ga mawallafi, hirarka da masoyiya, duk ka bar su a wayarka da adireshinka.

Abokina ya tsira da gargaɗi bayan wani manaja ya zauna ya karanta labarin har ƙarshe. Ba kowa zai dace da irin wannan manajan ba. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.