Tsohon Littafin Addu'o'in Gidan Thornton

A 1834 aka buga Family Prayers a Landan, tarin addu'o'in da Henry Thornton ya rubuta wa iyalinsa, shekara 19 bayan rasuwarsa. Thornton attajirin banki ne, ɗan majalisa, aminin William Wilberforce a gwagwarmayar hana cinikin bayi, kuma shi ya shugabanci kamfanin da ya kafa Freetown a Saliyo. Masu tara tsofaffin littattafai sun fi son kwafi sumul, wanda hannu bai wahalar ba, kuma shi ake tsawwala wa kuɗi. A ganina sun yi zaɓen tumun dare. Don aiki aka yi littafin nan: safe da yamma maigida ya karanta, uwargida da yara da barorin gida su durƙusa, ko da yake ba lalle ne an nemi yardar barorin ba. Kwafin da ya sha wannan hidima dole gefensa ya yi duhu, ɗinkinsa ya saki, wataƙila a tarar da sunan wata kaka a shafin farko. Shi zan saya, ga shi kuma ya fi araha.