An Kashe Giwa Don A Buɗe Giya

'Yan uwana ɗalibai, a ƙasar Turai akwai masu hannu da shuni waɗanda aikinsu tara tsofaffin mabuɗan kwalba, wato ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake zare toshiyar kwalbar giya da shi. Wani limamin coci, Samuel Henshall, shi ya fara yi wa irinsa rajista a Ingila cikin 1795. Da attajirai suka karɓe shi sai aka shiga ƙawata ƙotarsa da azurfa, da katako mai tsada, da hauren giwa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya sa na ɗauki alkalami.

Masu tarawa suna cewa, "Ai fasaha ce, kuma giwar ta daɗe da mutuwa." To, mu auna. Tsakanin 1979 da 1989 giwayen Afirka sun ragu daga wajen miliyan 1.3 zuwa kamar 600,000, har dai aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Shin farautar ta tsaya? Ina! Muddin tsohon haure yana da daraja a kasuwa, ɗan sumoga zai rina sabo ya yi duhu, ya ce gadon kakansa ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dokar da Ingila ta fara aiki da ita a 2022 ta hana sayar da haure, amma ta bar ƙofa: kayan da aka ƙera kafin 1947, in haurensu bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, ana iya yi musu rajista a sayar. Ni dai ra'ayina a toshe ƙofar nan. A kai kayan gidan tarihi, a rubuta a jikinsu inda hauren ya fito.

Kada kuma mu wanke kanmu. Ayarin Kano sun kai haure Tarabulus a ƙarni na 19, kuma a 2024 sai da gwamnati ta niƙe tan biyu da rabi da aka kama, a Abuja. Giwayen da suka rage mana a Yankari ba su da yawa. Malamanmu sun koya mana kirarin giwa da tatsuniyarta. Abin kunya ne a ce jikokinmu a takarda kaɗai za su san ta.