Mayyar da ba a gani ba: raddi ga masu auna fim da kuɗi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kallon finafinai, har da wasu malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu. Wai fim ba ya yin armashi sai an narka masa kuɗi, kuma fim ɗin ban tsoro bai cika ba sai an ga dodo ƙuru-ƙuru, jini yana malala. Wannan magana kuskure ce mai illa, domin da ita raggo yake fakewa ya ƙi ɗaukar kyamara. Abin da ya faru da fim ɗin *The Blair Witch Project* a shekarar 1999 ya isa ya rushe ta.

Matasa biyu ne suka shirya shi, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez. An ɗauke shi cikin kwana 8 a shekarar 1997, a dajin jihar Maryland ta Amurka, da manyan ƴan wasa 3, kuma kuɗin ɗaukar bai wuce dala dubu 60 ba. Labarin gajere ne. Ɗalibai uku sun shiga daji kusa da ƙauyen Burkittsville a 1994 domin bin sawun labarin wata mayya, suka ɓace, bayan shekara guda aka tsinci hotunan da suka ɗauka. Wannan ɗan fim ya tara kusan dala miliyan 250 a duniya, ya kuma samu lambar yabo ta matasa a bikin finafinai na Cannes.

Duk da haka, jama'a da yawa sun fito daga gidajen sinima suna huci. Wasu jiri ya kwashe su saboda rawar kyamara, har da masu amai. Wasu suka ce an cuce su: minti 81 suna zaune, ba su ga mayya ko sau ɗaya ba. A shekarar 2000 aka ba Heather Donahue, jarumar fim ɗin, lambar izgili ta Razzie, wadda ake ba wanda aka ce ya fi kowa rashin iya wasa.

Masu wannan ƙorafi sun nemi tsoro a inda ba ya kwana. Abin da ke razana mutum a fim ɗin shi ne taswirar da ta ɓace, da tafiyar yini guda wadda ta dawo da su kan gungumen da suka bari da safe, da tarin duwatsu da suka wayi gari suka tarar a bakin tanti, da muryoyin yara cikin dare. Yunwa da gajiya suka sa abokai suka fara zargin juna. A ƙarshe ana ganin ɗayansu tsaye a ɗakin ƙasa na wani kango, ya juya fuska ga bango, sai kyamara ta faɗi. Duk wanda ya taɓa jin tatsuniya ya san wannan dabara: tsohuwa ba ta zana Dodo dalla-dalla, tana barin kowane yaro ya ƙera nasa a zuci, kuma wanda yaro ya ƙera ya fi kowanne muni. Rawar kyamarar ma tana da dalili, domin hannun mai firgita ne yake riƙe da ita.

Hujja ta biyu ta zo da wuri. A shekarar 2000 aka yi ci gaban fim ɗin, *Book of Shadows*, da dala miliyan 15. An nuna abubuwa da yawa, amma masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kuma bai tara ko kwatan abin da na farko ya tara ba. *Paranormal Activity* kuwa, wanda Oren Peli ya ɗauka cikin gidansa da kimanin dala dubu 15, ya haura dala miliyan 190 bayan fitarsa a 2009.

Sai dai akwai rukuni na biyu na masu kallo, waɗanda suka gaskata cewa ɗaliban sun mutu da gaske. Ba a banza suka gaskata ba. An buɗe shafi a intanet mai ɗauke da rahotannin ƴan sanda na ƙarya, an rarraba takardun cigiya da hotunan ƴan wasan, waɗanda suka fito da sunayensu na gaskiya. Har takardun ta'aziyya aka aika wa mahaifiyar jarumar. Baƙi suka mamaye Burkittsville, ƙauyen da mazaunansa ba su kai 200 ba, aka riƙa sace allon sunansa. Masu yaba wannan a matsayin gwanintar talla sun manta da waɗanda suka biya farashinta. An ɓoye ƴan wasan lokacin da ya kamata su yi suna, kuma a 2024 suka fito fili suna neman haƙƙinsu daga kamfanin Lionsgate. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rukunonin biyu cuta ɗaya ke damunsu: ba su iya karanta hoto ba. Na farko bai yarda da abin da ba a nuna masa ba, na biyu ya haɗiye duk abin da aka nuna masa. A zamanin da bidiyon ƙarya yake yawo daga waya zuwa waya, har ya haddasa husuma tsakanin jama'a, cutar rukuni na biyu ta fi haɗari.

Maganin yana hannun malamai da ƙungiyoyin al'adu. Ɗalibin da ake koya wa nazarin rubutu ya cancanci a koya masa nazarin hoto: wa ya riƙe kyamara, me aka ɓoye, don me aka ɓoye shi, wa ya ci ribar. Mai kukan rashin kuɗi kuma ya tuna da Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa. Da zanen hannunsa da ƴan kayan aiki kaɗan ya fara tun shekarun 1960, har sunan Nijar ya shiga tarihin sinimar Afirka. Waya mai kyamara da ke aljihun ɗalibin Maraɗi ko Damagaram a yau ta fi ƙarfin kayan da aka shiga dajin Maryland da su. Abin da ya rage masa shi ne labari mai kyau da sanin abin da ya kamata a bari cikin duhu.