Lafiya uwar jiki: Jan tabo a jikin jariri

A wannan wata za mu yi magana kan jan tabon da ke fitowa a fatar jarirai, wanda wasu ke kira tawadar Allah.

Wannan tabo ba sammu ba ne, ba maita ba ne, kuma ba laifin uwa ba ne. Ƙananan hanyoyin jini ne suka taru wuri guda cikin fata. Ba a ɗaukarsa daga wani.

Iri uku aka fi gani.

Na fari, ja-ja ne a goshi, ko fatar ido, ko ƙeya. Na fuska yakan ɓace da kansa kafin yaro ya shekara 2.

Na biyu yakan fito makonni kaɗan bayan haihuwa. Yana tasowa kamar ɗanyen nama, ya yi ta girma har wata 5 ko 6. Daga shekara 1 sai ya fara motsewa sannu sannu. Kafin shekara 10, mafi yawansu sun kwanta. Ya fi fito ma ɗiya mata da bakwaini.

Na uku shimfiɗe yake, launinsa kamar ruwan zoɓo. Da shi ake haihuwar yaro, kuma ba ya ɓacewa da kansa.

Iyaye, ku yi hattara! Kada ku kai ma wanzami ya tsaga. Kada a yi lalas, kada a ɗaure da zare, kada a shafa toka ko kashin shanu. Wurin cike yake da jini. In aka yanka shi, jini zai zuba da yawa, kuma jinin jariri kaɗan ne. Ƙazamar aska tana kawo ciwon da ke sandarar da jiki, ya ƙulle baki.

Ku kai yaro likita ba da jinkiri ba:
1. in tabon yana kusa da ido, hanci, leɓe ko wuya;
2. in ya zama gyambo ko yana jini;
3. in yaro yana numfashi da ƙyar;
4. in tabo mai tasowa ya kai 5 ko fiye;
5. in mai launin zoɓo ya rufe goshi da ido, don yana iya zuwa tare da ciwon ido ko farfaɗiya.

In jini ya ɓalle, a danne da tsumma mai tsabta minti 10, sannan a kama hanya.

Akwai magani. A shekarar 2008, a garin Bordo na ƙasar Faransa, likitoci suka gano cewa wani maganin zuciya mai suna propranolol yana tsayar da girman tabo mai tasowa. Amma lokotoro kaɗai ke bada shi, bisa nauyin yaro. Kada ku saye shi wurin masu talla a kasuwa.

Uwa, ranar awon jarirai ki nuna ma ungozoma tabon. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa.