Core i7 Ba Ya Rubuta Littafi



Ba a cika mako biyu ba a ji wani daga cikinmu ya ce ya gaji da rubutu a waya. Ya ɗauki adashi, ko ta tara kuɗin da masu karatu ke biya na littafinta a WhatsApp, yanzu ana son a haɗa kwamfutar tebur. Da zarar an nemi shawara sai ka ji ta ko'ina: "In ba Core i7 ba kada ka saya." "Ka tabbata da katin girafik." "RAM ɗin kada ya gaza 32." Masu wannan shawara yawancinsu 'yan wasan gem ne ko masu tace bidiyo, buƙatarsu suke karanto wa mutumin da abin da zai yi shi ne jera kalmomi. Mu dai mun ce shawarar banza ce, kuma tana cinye kuɗin da ya kamata a kashe wurin kare rubutun kansa.

A fara da nauyin aikin namu. Littafi mai kalma 100,000, wanda a wurinmu ƙaton littafi ne, in aka adana shi a matsayin zallar rubutu bai kai megabait ɗaya ba. Hoton biki guda da ke cikin wayarka ya fi shi nauyi. Labarin da ake aikawa gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, bai wuce kalma 1,500 ba. George R. R. Martin, marubucin Amurka da aka yi fim ɗin Game of Thrones daga littattafansa, ya faɗa a wata hira ta talabijin a 2014 cewa da tsohuwar manhajar WordStar 4.0 yake rubutu, a kan kwamfutar da ko intanet ba ta da shi. Mutumin da littattafansa suka zaga duniya ke nan. To kai da ke babi na uku na littafinka na farko, me katin girafik zai ƙara maka?

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo ya leƙa shagunan kayan kwamfuta, ko ya karkata Titin Beirut, ko ya shiga Sabon Gari wajen masu kayan lantarki na Titin Faransa, ya san farashin kayan nan ba a shago ake yanka shi ba. A Wapa ake yanka shi, can cikin Fagge wurin 'yan canji. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Babu ko ƙusa ɗaya a cikin kwamfuta da ake ƙerawa a Kano, saboda haka duk abin da ka ɗora a kan teburinka dala ka saya. Wanda ke sayen dala da kuɗin adashi bai kamata ya saye ta don ado ba.

Babban tarkon shi ne sunan nan i7. An mayar da shi kamar sarauta, alhali suna ne na gida, ba ya gaya maka shekarun ɗan gidan. Intel ya yi shekaru yana fitar da furosesa zubi-zubi, kowane zubi kuma da i3 da i5 da i7 ɗinsa. Lambar da ke biye da sunan ita ce takardar haihuwa. Core i7-2600 zubi na biyu ne, ya fito a farkon 2011. Core i5-8500 zubi na takwas ne, na 2018. In lambobin biyar ne, kamar i3-10100 na 2020, biyun farko ake karantawa, wato zubi na goma. Wannan i3 ɗin da ake rainawa ya fi waccan tsohuwar i7 sauri, ga shi ya fi ta ƙarancin shan wuta. Amma je ka tsaya a shago ka gani: mutum zai ture i3 na 2020 ya rungumi i7 na 2011, ya ƙara kuɗi a kai, ya fita yana murmushi. Kyan ɗan maciji ke nan.

Kuma maganar zubi ba ta sauri kaɗai ba ce. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar yadda ya saba. Windows 11 kuwa a hukumance ba ta karɓar furosesan Intel da ya gaza zubi na takwas, in ban da wasu 'yan ƙalilan. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsofaffin injuna, kuma tana hawa, sai dai babu wanda ya yi maka alkawarin gobe. Saboda haka ma'auninmu mai sauƙi ne: zubi na takwas zuwa sama, ko i3 ne ko i5. In aljihu bai kai nan ba, a sayi tsohuwar a farashin tsohuwa, a ɗora mata Linux Mint da LibreOffice, dukansu kyauta, a ci gaba da rubutu. Abin da muka ƙi shi ne biyan kuɗin budurwa a kan kaka.

Ba mu ɗora wa 'yan kasuwa laifi duka ba. Cinikin yakan tafi ne kamar haka:

"Injiniya, mai ƙarfi nake so."

"Malam, aikin me za ka yi da ita?"

"Kai dai ba ni mai ƙarfi, i7."

To me kake so ya yi? Ya tambaye ka, ka ƙi faɗa, don kana jin kunyar a ce rubutu kawai za ka yi. Da ka ce masa, "Littafi nake rubutawa, unguwarmu kuma ba a cika samun wuta ba," da wani lungun shagon zai kai ka.

A lungun nan ne ake jibge kwamfutocin ofis na gwanjo da ake sauke wa daga Turai da Amurka: Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Ba su da kyan gani, baƙaƙe ne ko ruwan toka, babu gilashi a gefe, babu fanka mai fitilu kala-kala. An ƙera su ne don su wuni a kunne a bankuna da ma'aikatu. Ga mai ƙaramin ƙarfi, haɗa kwamfuta daga sababbin sassa, akwati daban, madabod daban, fawa-fak daban, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Hanyar da muke goyon baya ita ce a sayi gangar jikin irin waɗannan, kamar OptiPlex 3060 ko EliteDesk 800 G4 waɗanda duk zubi na takwas ne, sannan a zaɓi abin da za a zuba a ciki da ido buɗe. Aibinsu ɗaya da ya kamata a sani: fawa-fak ɗinsu sau da yawa na gidansu ne, in ya mutu sai an nemo irinsa.

Abin da za a zuba na farko shi ne SSD. Tsohon faifan ajiya mai juyawa, HDD, shi ne ke sa kwamfuta ta yi minti biyu tana miƙa kafin ta farka, kuma shi ne ke saurin mutuwa in an buge shi ko an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki. SSD mai gigabait 256 ya ishi marubuci har jikokinsa. Nan ne wuri ɗaya da muke cewa a sayi sabo in da hali, na kamfanin da aka sani, domin a cikinsa littafin zai kwana. RAM kuwa gigabait 8 ya wadatar. 16 na wanda ke buɗe shafuka ashirin na bincike ne a lokaci guda. A lura dai DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, kada a saya a kai gida a yi ta dannawa.

Yanzu ga inda masu shawarar i7 ba sa taɓa leƙawa, kuma nan ne rubutu ke mutuwa: wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Aka ɗauke, ta mutu nan take, da sakin layin da ka yi awa guda kana gogewa. Wani lokaci ma ba sakin layin kaɗai ba, fayil ɗin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa. Dawowar wutar ta fi tafiyarta haɗari, don takan zo da ƙarfin da ke ƙona fawa-fak, shi kuma in na banza ne ya ja madabod su tafi tare. Saboda haka UPS ba kayan alatu ba ne, sashe ne na kwamfutar kamar yadda birki yake sashen mota. Ko ƙaramin nan mai 650VA zai ba ka 'yan mintunan da za ka adana aikinka ka kashe cikin mutunci. Wanda ya sayi katin girafik ya bar UPS ya yi wa doki kwalliya ya manta linzami.

Akwai wani ɗan maɓalli ja a bayan fawa-fak na wasu tsofaffin injuna, an rubuta 115 a gefe guda, 230 a ɗayan. Amurka da wuta mai ƙarfin 120 suke aiki, mu tamu 230 ce. In injin ya zo a kan 115 ka jona shi a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Duba shi ba ya cin daƙiƙa biyar.

Sannan a yi lissafin abin da injin ke sha. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda a duhu. A irin wannan rana wanda ke da ɗan sola da batir shi ne mai rubutu. Batir mai 12V da 100Ah, in za a sha rabinsa kawai don ya yi ƙarko, yana ba da abin da ya kai wat 600 na awa guda. 'Yar ƙaramar kwamfutar ofis, irin mai girman littafin nan, haɗe da monita, ba ta cika wuce wat 40 ba in rubutu ake yi. Za ta haura awa goma. Jona masa ƙatuwar mai katin girafik da fankoki shida da ke shan wat 120, ba za ta kai awa biyar ba. Wanda kuma ke layin Band A, inda aka kai kuɗin yunit naira 225 a Afrilun 2024, shi ma mita za ta yi masa bayani. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Injin da ke shan wuta kaɗan zafi kaɗan yake yi, ya fi jure garin nan.

Duk da haka SSD na mutuwa, ɓarawo na shiga, gobara na tashi. Mun san marubuta nawa ne littafinsu ya tafi tare da wayar da aka ƙwace a Adaidaita Sahu, suka dawo suna roƙon masu karatu ko akwai wanda ya adana shafi na 40 zuwa na 70. Komawa kwamfuta ba ya maganin wannan in kwafi ɗaya ne. A ware kuɗin filashi tun cikin kasafin, a kuma riƙa tura aikin Google Drive, inda ake ba kowa gigabait 15 kyauta, ko mutum ya aika wa kansa ta imel duk daren Juma'a. Filashin ma a gwada shi da manhajar H2testw, don akwai na jabu da aka rubuta wa 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana karɓar fayil da fara'a, ranar da ka nema ka tarar da shara.

Sai abin da jikinka zai taɓa kullum, wanda aka fi rainawa. Za ka ga an yi awa guda ana ciniki kan furosesa, kibod kuwa sai a ce "a ƙara min da shi kyauta". Furosesa ba ka ganinsa, kibod kuwa yatsunka za su dake shi sau dubbai a rana. Zauna a shagon ka buga sakin layi guda. In maɓallan na maƙalewa ko suna lotsawa kamar danƙo, ajiye. Tsofaffin kibod na Dell da HP masu waya sun fi yawancin sababbin masu walƙiya daɗin bugu. Monita mai inci 22 ta isa, a buɗe farin shafi a duba ko akwai tabo ko layi. A kuma saita haruffanmu masu lanƙwasa tun ranar farko: Windows na da tsarin kibod na Hausa a cikinta, akwai kuma Keyman kyauta. Ba uzuri ba ne a kashe kuɗi a kan inji sannan a ci gaba da rubuta "kasa" a bar mai karatu yana lalube ko ƙasa ake nufi.

Wani zai ce me ya hana a sayi laftof a huta, tunda da batirinta? Magana ce mai ƙarfi, kuma ga wanda ke yawo tsakanin makaranta da gida ita ce daidai. Sai dai laftof ɗin gwanjo da yawa batirinsu ya riga ya gaji, in kibod ko sikirin ya lalace gyaran na da tsada, kuma laftof tana da ƙafa: yau ƙane ya ara zai yi furojet, gobe an kai ta ɗaki ana kallon fim. Ta tebur ba mai cewa a ara masa. Wanda kuma ke tace bidiyo ko yake haɗa finafinai don YouTube, shi buƙatarsa daban, ya sayi katinsa da hujja. Da masu rubutu muke magana.

Ranar sayen kada a yi cinikin biri a sama. A sa a kunna injin a gabanka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shafin da zai buɗe akwai wurin da ke nuna cikakken sunan furosesa da yawan RAM da irin ma'ajiyar da ke ciki. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiya, ba sitikar da aka manna a gaba ba. Ka ce a buɗe CrystalDiskInfo, za ta nuna lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki. Soka filashi a kowane rami. Bar injin ya yi minti ashirin a kunne, ka saurari fanka, ka taɓa akwatin. In agogonta na komawa baya duk sanda aka kashe, ɗan batirin CR2032 ne, a canja maka shi a wurin. Sannan a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar injin, da sunan kowane sashe, da adadin kwanakin da za ka iya dawo da shi in ya ba da matsala. In mai shago ya ce ai tsakaninku amana ce ba sai an rubuta ba, ka yi masa godiya ka shiga shago na gaba.